Farin wardin da ya ci damina uku a ƙofar gidana

Da wuya rana ta fito ta faɗi ba a samu wanda ya rage gudun babur ɗinsa a layinmu na wajen Ƙofar Ƙaura ya tambaye ni sunan farar fulawar da ta jeru daga ƙofar gidana har ta zagaya kusurwar masallacin unguwa ba. Wani ya ce a ina na samo ta, wani ya ce nawa ake sayarwa, wani kuma tambayarsa ɗaya ce: "Malam, za ta yi a gidana?" Wannan ta ƙarshen ba a amsa ta a tsaye, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta abin da idona ya gani. Wardi ne, sunansa Iceberg. Ya ci damina uku, hunturu biyu da bazara biyu a bakin titi, inda babu irin ƙurar da bai sha ba.

Ba shi na fara shukawa ba. Shekarar da na ajiye aikin koyarwa na sayi guda shida na jan wardin nan mai ƙaton fure ɗaya a kan dogon kara, irin wanda ake ɗaurewa a kai wa amarya. Daga Jos aka kawo su, kuma a watan Janairu sun yi kyan da har maƙwabta na shigowa kallo. Amma Jos a kan tudu take, wajen mita 1,200 sama da teku, mu kuwa a Katsina ko rabin haka ba mu kai ba, kuma zafinmu ba nasu ba ne. Afrilu ya ƙone su, abin da ya tsira marka ta kakkaɓe masa ganye, kafin kaka sun koma busassun sanduna. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na ba su lokaci da ruwan da nake saye da kuɗina. Na ce ni da wardi har abada.

Wani matashi mai sayar da fulawa a gefen titi ne ya sa na sake magana. Na je sayen dashen lemun tsami, sai na ga wasu wardi a jere cikin baƙar leda, ganyensu kore shar mai ɗan sheƙi, kowane reshe ɗauke da tarin fararen furanni.

"Baba, wannan ba irin waɗanda suka mutu maka ba ne. Wannan ba ya ciwo."

Na ce, "Yaro, akwai mai rai da ba ya ciwo?"

Ya yi murmushi, ya yage ledar guda ɗaya ya nuna mini saiwa, fara sol, ta cika ƙasar amma ba ta nannaɗe kanta ba. Ya ce in marka ta wuce suka mutu in dawo ya canza mini. Na ɗauki goma sha biyu. Kuɗin kowanne ya ɗara na jan da kaɗan. Ɗaya daga ciki da ya buɗe sai ga shi ruwan hoda, ba Iceberg ba ne sam, na mayar masa ya canza ba tare da musu ba. Na yaba masa a kan wannan. Amma maganar "ba ya ciwo" ba haka take ba, kuma ita ce ainihin abin da nake so mai niyyar saye ya fahimta.

Da na dawo gida ni da ɗana muka zauna muka bi tarihinsa. Yana cikin dangin wardin da ake kira fuloribunda, kalmar Latin ce mai nufin yawan fure. Asalin dangin aure ne aka haɗa tsakanin babban wardi mai fure ɗaya da wani ƙaramin wardi mai juriya da ke fitar da ƙananan furanni a dunƙule, kuma iyalan Poulsen na ƙasar Denmak ne suka yi fice a wannan aiki a farkon ƙarni na 20. Shi Iceberg wani Bajamushe mai suna Reimer Kordes ne ya fitar da shi a 1958, daga gidansu na renon wardi da ke kusa da Hambog. A 1983 ƙungiyar masu wardi ta duniya ta sa shi cikin jerin wardin da aka fi so a duniya. Abin da ya fi jan hankalina shi ne inda ya fi karɓuwa: Afirka ta Kudu, Ostareliya da Kalifoniya, duk wurare masu rana da bushewar iska. Nan na fara sa rai.

A ƙarshen Yuni na dasa su, bayan ruwa ya zauna. Aikin da ya fi cin ƙarfi shi ne haƙa, don gindin katanga a gari ba ƙasa ba ce, juji ne na magina: fasassun bulo, busasshen siminti, ƙusoshi. Duk sai da muka kwashe, saboda siminti na sa ƙasa ta yi kanwa-kanwa, wardi kuma ya fi son mai ɗan tsami. Kowane rami rabin mita a zurfi da faɗi, muka cika da jigawarmu haɗe da ruɓaɓɓen kashin shanu da laka kaɗan daga fadama don ta riƙe ruwa. Tsakanin kowane biyu na bar kusan santimita 80. Tara suna jikin katangar da ke kallon gabas, uku sun zagaya kusurwa suna kallon yamma. Wannan bambancin daga baya ya zama babban darasi.

Agusta ta shigo, marka ta kankama, ni kuma zuciyata na kan abin da ya faru da jajayen. Kullum in an sallame asuba sai in tsuguna da fitilar waya ina ɗaga ganye ɗaya bayan ɗaya. A mako na biyu na gan shi: baƙin tabo, zagayayye, bakinsa kamar an yayyaga, a ganyen ƙasa-ƙasa da ruwa ke fantsamo wa laka. Bayan kwana kaɗan kewayen tabon ya yi rawaya, ganyen ya faɗi. Wani irin fumfuna ne ke kawo shi, kuma ba ya kama ganye sai ganyen ya jima a jiƙe, wajen awa bakwai, shi ya sa ruwan dare na marka ya fi masa daɗi. Feshin ruwan sama ke ɗauke shi daga ganyen da ya faɗi zuwa mai lafiya. Ban fesa magani ba, don ina so in ga gaskiyar abin da na saya. Tsince masu tabon kawai nake yi, in share waɗanda suka zuba, in ƙone. Kowace shuka ta rasa ganyen ƙasa, wata har kusan kashi ɗaya cikin uku, amma ciwon bai hau sama ba, kuma ko mako ɗaya ba a yi babu fure ba. Kafin tsakiyar Satumba sabon toho ya rufe inda ya zube. Haka aka maimaita a damina ta biyu da ta uku.

To ka ga yana ciwo, sai dai yana tashi. Kuma Jamusawan da suka fitar da shi ma ba su ɓoye wannan ba. Suna da wani gwaji mai tsanani da suke kira ADR, inda ake ajiye sabon wardi shekara uku a gonakin gwaji daban-daban ba tare da an fesa masa maganin ciwo ba. Iceberg ya taɓa samun shaidar, daga baya aka janye ta, saboda a ƙasa mai yawan danshi irin tasu baƙin tabo na cin ƙarfinsa, kuma an samu sababbin iri da suka fi shi tsaftar ganye. Mu abin da ya taimake mu shi ne daminarmu gajeriya ce. Daga Yuni zuwa Satumba ne, mai nauyin cikinta ma makonni kaɗan ne, sauran watannin shekara ganye a bushe yake kwana. Wanda yake Kaduna ko kudu da ita kada ya ɗauki labarina ya auna gidansa da shi.

Hunturu ne lokacinsa. Daga tsakiyar Nuwamba zuwa Fabrairu katangar tana komawa fara fat, har ganye ba ya ganuwa sosai. Reshe ɗaya na ɗaukar fure bakwai, goma, na taɓa ƙirga goma sha huɗu, kuma ba tare suke buɗewa ba, wannan na faɗuwa wancan na buɗewa. A kwanakin da ɗari ya tsananta akwai wani abu da nake fitowa musamman don in gani: bakin furen da bai gama buɗewa ba yakan yi wani ja-ja mai laushi kamar an shafa masa lalle an wanke, in rana ta ɗaga sai ya koma fari. Da magariba kuma, lokacin da hazo ya rufe gari komai ya yi toka-toka, su kaɗai ke haske a layin, masu zuwa sallar isha suna bin gefensu.

Farin abu a hunturu dai an san halinsa. Kwana biyu ba wanki sai furen ya koma ruwan ƙasa. Da sassafe nake watsa musu ruwa a sama, don ganye ya bushe kafin hantsi. Ban yi da yamma. Farin fumfuna mai kama da garin alli ya ɗan taɓa sabon toho sau ɗaya a Disamba, na datse wuraren, bai dawo ba.

Bazara ce ta nuna mini cewa ciwon da Turawa ke tsoro ba shi ne abokin gabarmu ba. A Afrilu zafi na haura digiri 40, katangar siminti kuma ta sha rana ta riƙa amayar da ita har dare. Taran da ke kallon gabas suna shan ranar safe zuwa azahar, daga nan inuwar katanga ta rufe su, sun wuce lafiya, sai dai furen ya ƙanƙance, ya koma rabin girmansa na hunturu, kuma kwana biyu yake yi ya zube. Ukun da ke kallon yamma sun sha wuya. Ranar la'asar ta soya bakin ganyensu, ɗaya ya bushe tun daga sama har gindi a bazarar farko. Biyun da suka rage sai da na kafa musu 'yar rumfar zana daga Maris zuwa saukar ruwa. A wannan zafin ne kuma wasu ƙananan jajayen ƙwari dangin gizo-gizo ke zama a bayan ganye suna tsotsa. Ido ba ya ganinsu sosai, sai dai ka ga ganye ya yi fari-fari kamar an barbaɗa masa gishiri, da siririyar yana a ƙasansa. In ka kaɗa ganyen a kan farar takarda za ka ga ɗigo-ɗigo na tafiya. Bushewa suke so, don haka maganinsu ruwa ne mai ƙarfi a bayan ganye, safiya uku ko huɗu a jere.

Ruwa shi ne kuɗin wardi na gaskiya, ba abin da ka biya mai fulawa ba. A bazara kowace shuka na shan bokiti guda na lita 10 duk kwana biyu, a tsakiyar Afrilu kuwa kullum. In ka lissafa goma sha biyu, lita 120 ke nan, kusan jarka biyar ta 'yan garuwa a rana. A unguwar da famfo ke zuwa yau ya ɗauke gobe, wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ɗan fansho. Na kusa sallamawa. Wata rana bayan la'asar ina tsaye ina kallon ruwan alwala na gangarawa kwata, sai na sami liman na ce, "Allah gafarta Malam, ko akwai laifi in tare ruwan nan in ba shuka?" Ya ce, "Malam, ruwan da ke tafiya a banza? Ai sai dai lada." Muka sa bututu daga wurin alwala zuwa wani rabin duro da muka binne, da 'yar raga a baki don tare yashi. Salloli biyar na tara abin da ya ishe su har ya yi saura. Sharaɗi ɗaya na roƙi ladan ya tsare mini: kada a bar kowa ya yi wanki da sabulu ko omo a wurin. Ruwan sabulu na ƙona saiwa a hankali.

Gara ta ci mini biyu, kuma na san dalili. A shekarar farko na zuba ɓawon gyaɗa don ya riƙe laima, na tara shi har jikin kara, na kuma ƙara da takin da bai gama ruɓewa ba. Wata safiya na ga shuka ta yi yaushi alhali ƙasarta a jiƙe, na taɓa ta sai ta tuge a hannuna, gindin ya zama rami cike da jar ƙasa. Cikin gaggawa na bi shawarar da kowa ke bayarwa, na zazzaga toka mai yawa a gindin sauran. Gara ta ja baya, amma bayan makonni sabon ganye ya fito rawaya, jijiyoyinsa kaɗai ke kore. Toka ma kanwa-kanwa ce, in ta yi yawa tana hana saiwa jan sinadarin ƙarfe daga ƙasa. Na kwashe ta, na ƙara ruɓaɓɓen taki, suka dawo. Yanzu 'ya'yan bedi nake sa a daka mini, wato dalbejiya a bakin Kanawa, in cuɗa garin da ƙasar sama sau biyu a shekara. Ɓawon gyaɗa kuma ina bar masa tazarar tafin hannu daga kara. Tun daga nan ban sake rasa ko ɗaya ba.

Ƙayarsa kaɗan ce, wasu rassan ma babu. A wurin da yara ke wucewa zuwa Islamiyya wannan alheri ne, ban taɓa jin yaro ya yi kuka a kansa ba. Amma awaki ma sun gane haka. Daren farko da na bar su a buɗe, akuya ta aske biyu tas. Sun sake tohowa, sai dai duk wanda zai shuka a waje ya sa kuɗin ragar waya mai tsayin mita guda cikin lissafinsa tun farko.

Inda ya gaza shi ne ƙamshi. Uwargida ta yi ta murna za ta samu na haɗa turare, don ita wardin da ta sani shi ne na Ɗa'ifa, wanda alhazai ke kawo mansa da ruwansa. Ta tsinko ɗaya ta shinshina, ta dube ni ta ce, "Malam, wannan ai kallo kawai aka yi shi." Tana da gaskiya. Akwai ɗan ƙamshi mai sanyi da sassafe in ka kai hanci kusa, iyakarsa ke nan. Wardin turare dangi ne daban. Haka in ka yanko shi ka sa a kwalba, karansa siriri ne, kai yana sunkuyawa, kwana uku ya fara zuba. A jikin uwarsa ya fi kyau.

Abin da ya sa uwargidan ta yafe masa shi ne bikin 'yarmu. Na lura cewa daga ranar da aka datse shi zuwa ranar da zai cika da fure mako shida ne zuwa bakwai. Da aka sa rana a watan Disamba, sai na ƙirga baya, na ɗauki almakashi a ƙarshen Oktoba na rage kowanne da kusan kashi ɗaya cikin uku, na cire matattun rassa da waɗanda suka gicciye juna a tsakiya, na ba su taki da ruwa. Mako guda suna tsaye kamar tsintsiya, har uwargida ta ce na lalata mata ƙofar gida ana gab da biki. Ranar ɗaurin aure kuwa ba mu yi hayar ko fulawar roba ɗaya ba. A gaban katangar aka shimfiɗa tabarmi, kuma duk hoton da aka ɗauka a ranar su ne a baya.

Ga mai tambaya ko zai yi a gyaran gari, ra'ayina a fili yake. A gaban makaranta, asibiti, masallaci, ofis ko shago, inda akwai mutum ɗaya da aka ɗora wa alhakin ba shi ruwa, ban ga wardin da zan sa a gabansa ba cikin waɗanda na gwada. Tsayinsa mita ɗaya da 'yan kai, ba ya tare wa direba gani a kwana, saiwarsa ba ta fasa daɓe, kuma bai taɓa sa ni fesa guba a inda mutane ke zama ba. Amma a tsakiyar babban titi ko shataletale, inda ake dasawa ranar buɗe aiki a ɗauki hoto a tafi, asarar kuɗi ce. Mako biyu ba ruwa a Afrilu ya gama da shi. Irin waɗannan wurare a bar wa boganbiliya da kariya, waɗanda ƙishi bai dame su ba.

In za ka saya, ka je lokacin da yake da fure a jiki, don a leda duk wardi kama suke, kuma yawancinsu ba su da takardar suna. Ka nemi fari mai fitowa a dunƙule, mai siririn kara da ƙarancin ƙaya. Ka juya ganye ka duba bayansa. Ka tambayi tsawon zamansa a Katsina, wanda ya yi wata guda a nan ya fi wanda aka sauke daga motar Jos jiya. Da zan sake, a Oktoba zan dasa ba Yuni ba, don ya samu sanyin hunturu gaba ɗaya ya kafa saiwa kafin ya haɗu da zafi ko marka.

Ukun da na rasa ban sake saye ba. A datsar bara na ware rassa ashirin masu kaurin fensir, kowanne tsawon taƙi guda, na cire ganyen ƙasa, na soke su a ledar fiyawata cike da rairayi da ɗan taki, na jera a inuwar bedi ina yayyafa musu ruwa safe da yamma. Bakwai suka kama. Uku sun cike gurbin da gara da rana suka bari, biyu na ba ladan ya kai gidansa, biyu suna nan a leda na ajiye wa 'yata, ta ce katangar gidan mijinta gabas take kallo.